Gwafa a Tankin Auta

Shekara talatin da ɗaya ina aiki da tanki guda. In na faɗi haka, mutane kan ɗauka tankin ruwan sha ne, ni kuma sai in ƙyale su, don bayanin da tsawo kuma ni ba mai yawan magana ba ne. Mai ɗakina za ta ce muku wannan ƙarya ce, kada ku kula ta.

Tankin na gilashi ne, yana can ƙasan ginin sashen injiniya a jami'ar da nake aiki. Tsawonsa mita goma, faɗinsa ɗaya da rabi, ruwan ciki kuwa in na taɓo ƙasa yakan kawo min gwiwar hannu. A tsakiyarsa muke shimfiɗa yashi mai laushi, wankakke, tankaɗaɗɗe. A ƙarshe ɗaya akwai allon ƙarfe da inji ke turawa gaba ya jawo shi baya, gaba, baya, yini zubur. Ruwan ba ya zuwa ko'ina, kai-komo kawai yake yi a kan yashin. Ka ba shi awa biyu, shimfiɗar da ka daidaita sumul da hannunka za ta tashi ta zama kunyoyi, jere reras daga wannan gilashi zuwa wancan, kamar gonar da aka yi wa huɗa da igiya. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙasan ruwa a bakin teku ko tafki ya ga irinsu. Bambancin namu shi ne ana auna su.

In ka durƙusa ka sa ido a gilashi za ka ga yadda abin yake. Ruwa ya tsallake kan kunya, ya yi ɗan juyi a bayanta, ya ɗebi yashi, kafin ya ankara an juyo da shi, sai ya watsa yashin a ɗaya gefen. Haka dai, sau dubbai. In allon na dogon zango, kunyoyin sukan ba juna fili. In zangon gajere ne, sai su matsu. Wannan na san shi tun kafin a haifi rabin malaman da ke sama da ni yanzu.

Wanda ya koya min aiki Farfesa ne, Allah ya ji ƙansa, mutum mai tsabta har ta yi masa yawa. Shi tsayin kunya da tazararta yake aunawa, saboda haka so yake kowace ta tafi miƙe. To amma yashi ba ya jin magana. Wani lokaci kunya takan tafi lafiya lau, ta zo tsakiya ta rabu biyu, ko reshe ɗaya ya tsaya a hanya bai kai gilashi ba. Wannan muke kira gwafa. Farfesa in ya ga gwafa a tankin ɗalibi, ranar ɗalibin ya shiga uku. "Da ƙafa ka daidaita yashin nan?" Na ga ƙato mai gemu yana share hawaye a bayan inji saboda gwafa biyu. Daga baya Farfesa ya ɗora min aikin: kowace safiya kafin a ta da inji, in naɗe hannun riga, in ɗauki guntuwar rula ta katako, in yanke inda kunyar ta rabu, in ja gajeren reshen har gilashi ya koma cikakkiyar kunya. In an kunna inji ruwa yakan yi duhu na minti ashirin, kafin ya washe ya shafe sawun rular tas, ko ni ba zan nuna maka inda na taɓa ba. Shekara ashirin da biyu ina wannan. Bayan Farfesa ya yi ritaya aka koma gwada ƙafafun gada da duwatsu a tankin, ba wanda ya sake bi ta kan kunyoyi, har 'yata ta zo.

Auta ce, ta huɗu a gidana. Yayyenta uku kowa ya kama gabansa, ba wanda ya taɓa tambayata me nake yi da yashi duk tsawon shekarun nan. Ita kuwa ta karanta injiniya, ta ci gaba, har ta kai ga neman digirin dakta, kuma aka ba ta tankina na wata shida. Ranar da na ga sunanta a jikin ƙofar ɗakin gwaji sai da na koma na sake wucewa ta wurin sau biyu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da ban ji irinsa ba tun ranar da aka haife ta.

Ranar farko ta tsaya gaban allo ta yi min bayanin aikinta. Abin da na kama shi ne wannan: za ta bar yashi ya yi kunya hamsin da gajeren zango, sannan ta tsawaita zangon, ta ga yadda hamsin za su koma talatin da 'yan kai. Sauran bayanin duk manyan kalmomi ne da zane-zane, tana yi tana juyowa tana cewa, "Baba, ka gane?" Ni kuwa ina gyaɗa kai. Me zan ce? Yarinyar da na koya wa ɗaura igiyar takalmi, in ce mata ban gane ba, a ɗakin da na girme ta da aiki? Na ce na gane sarai.

Tsarinmu mai sauƙi ne. Ni nake shiga motar ma'aikata ta farko, in buɗe ɗaki ƙarfe bakwai, in duba mai da bel, in ta da inji bakwai da rabi. Kyamarar da ke rataye saman tankin da injin take tashi, da shi take mutuwa. Auta tana koyar da 'yan aji ɗaya da safe, sai tara take saukowa. Biyar na yamma a kashe komai, masu gadi su rufe ginin.

Safiya ta uku da tsawaita zangon na tarar da gwafa biyu, ɗaya ma kusa da gilashi inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Ranar Alhamis ce, ranar da Dakta, malamin da ke duba aikinta, yakan sauko. Muryar Farfesa ta dawo min a kunne, na hango 'yata tsaye ana tambayarta ko da ƙafa ta daidaita yashi. Na jawo aljihun tebur, rular tana nan inda na bar ta shekara tara. Minti biyar na gama. Da Auta ta zo, ruwa ya washe, kunyoyi hamsin a miƙe. Ban gaya mata ba. So nake ta ɗauka hannunta ne ke da kyau.

Haka na ci gaba kullum. Ban ma ɗauke shi wani abu ba, kamar goge gilashi ne ko share ƙasa.

Sai dai aikin Auta ya ƙi tafiya. Hamsin ɗin nan suka kafe, ko gezau. Wata rana da yamma a samu arba'in da tara da rabi, kashegari a dawo hamsin. Ta ce ƙila girgizar ta da inji ce ke mayar da yashi gidan jiya, ta yi mako uku tana haɗa wata na'ura da za ta sa injin ya tashi a hankali. Ta sauya bel sau biyu. Ta ce ko yashin ne ya yi datti, muka kwashe shi gaba ɗaya a bokitai, muka wanke, muka shanya a farfajiya, muka tankaɗe, muka mayar. Kwana shida muka yi a kai, bayana har yau bai yafe min ba. Sau biyu ko uku ta nemi wani ya riƙe mata aji ta biyo ni motar farko don ta ga tashin injin da idonta. Waɗannan ranakun ban taɓa komai ba, tunda tana tsaye. Yashin ya ɗan motsa, ta koma gida da murna tana cewa na'urarta ta yi aiki, kashegari kuma a koma hamsin. Ni duk ban haɗa wannan da wancan ba. Tausayinta nake ji, ina ƙara ba da himma wajen gyara, ina cewa a raina aƙalla dai ba wanda zai ce tankinta ba tsari.

Wata biyar da kwana ashirin suka tafi a haka. Saura kwana goma tankin ya koma hannun wasu masu gwajin bangon tashar jiragen ruwa, su kuma shekara guda za su riƙe shi. Wa'adin karatun Auta ba zai kai nan ba. Ta rame, ta daina tsokanar uwarta, abinci ma sai an yi da gaske.

Ranar Asabar da la'asar ina zaune a baranda na kwance fankar tsaye ina goge mata ƙura, su kuma suna ɗaki suna ninke wanki, taga a buɗe. Na ji Auta ta ce, "Mama, na rubuta takardar janyewa. Litinin zan kai."

Uwarta ta ci gaba da ninke wanki. Mai ɗakina ɗinki take yi, shekara arba'in tana kan keke, kuma ba ta da saurin firgita. Can ta ce, "To. Kafin ki kai, zauna ki gaya min abin da ya gagara. Da bakin mutane fa, ba da na allo ba. Shekara talatin ubanki na dawo min da yashi a aljihun wando, ban taɓa sanin na mene ne ba."

Auta ta ɗan yi dariya, irin ta wanda ya gaji. Na ji ta warware zanen gado. Ta ce, "Riƙe nan bakin. Yi masa ninki biyar a jere. To, ni ta nan ɓangaren huɗu zan yi. Dubi tsakiya, me ya faru?"

"Ɗaya ya shige cikin ɗan'uwansa. Ai tattara ce, dole wani ya mutu a hanya."

"To shi ke nan aikina, Mama. Yashi ba ya iya ɗaukar kunya guda ya yar a lokaci ɗaya. Sai ta fara rabuwa ta yi gwafa, gajeren reshen ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan har ya ƙare a jikin gilashi, sauran su baje su cike gurbinsa. Ta nan kaɗai hamsin ke zama arba'in da tara. Ni abin da na zo aunawa shi ne saurin tafiyar gwafar. Kullum da yamma sai in ga sun fara fitowa, in kwana da murna, da safe in tarar babu ko ɗaya. A duniya kowa gwafarsa tana tafiya, ni tawa ɓacewa take yi. Na duba komai. Saura ni, ƙila ni ce ban iya ba."

Abin da na kasa ganewa a wata biyar, mai ɗinki ta gane shi a minti biyu da zanen gado. Ina riƙe da fiffiken fanka, na daina gogewa. Na ajiye fiffiken a hankali don kada ya yi ƙara, na sa takalmi na fita, na bi titinmu har inda kwalta ta ƙare, na dawo, na sake komawa. Mai gyaran taya na kan kwana ya tambaye ni ko wani abu na yar.

A hanyar nan wata dabara ta zo min, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi min daɗi. In daina kawai. Litinin in bar yashin yadda yake, in lallashe ta ta ƙara kwana biyu, gwafa ta yi tafiyarta, aiki ya yi kyau, kowa ya yi murna. Ba wanda zai taɓa sani. Rular ma sai in jefa ta a shara.

Lahadi da hantsi Auta ta tafi gidan yayarta. Mai ɗakina tana kan keke, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, fankar nan tun jiya take kwance kamar an yi mata fashi. Kuma ka sha shayi babu sukari ba ka yi ƙorafi ba. Me ka yi?"

Ba "me ya faru" ta ce ba, "me ka yi". Zama da mutum shekara arba'in ba daɗi wani lokaci. Na gaya mata duka, har da dabarar.

Ta cire ƙafa daga keken. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Ta ce, "In ka yi shiru aikin ya tafi, me za ta rubuta a littafinta ya sa ya tafi?"

Na ce, "Na'urarta, ƙila."

"Wato ƙarya za ta rubuta da hannunta, ta tsaya gaban malamai ta kare ta, ba ta sani ba. Kuma wata biyar ɗin nan da ta yi tana ganin ita ce ba ta iya ba, ka bar mata su ta riƙe har ta tsufa." Ta mayar da tabarau. "Kai dai hannunka ba ya ganin abu a karkace ya ƙyale. Ko kwalar rigar baƙo sai ka gyara. Je ka haɗa min fankata."

Litinin na buɗe ɗaki ƙarfe bakwai. Gwafa uku na tarar daga aikin Juma'a, ɗaya babba a gefen taga. Ban ta da inji ba. Na zauna kan kujerar ƙarfe na jira, awa biyu, ba ƙarar komai sai ɗigon famfo. Tara saura Auta ta shigo da ambulan a hannu, ta tsaya jin ɗakin tsit.

"Baba, inji ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ajiye takardar nan ki zo ki ga wani abu."

Ta leƙa tankin. Na ga idonta ya sauka kan gwafar, ta ƙirga su da leɓe. Na jawo aljihun tebur na fito da rular na ɗora a bakin gilashi. Na yi mata bayani yadda Farfesa ya koya min, inda ake yankewa, yadda ake jan reshe, yadda ruwa ke shafe sawu.

Ta daɗe tana kallon rular. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

"Kullum?"

"Ban da ranakun da muka zo tare."

Ta jawo ɗaya kujerar ta zauna. Na so ta yi faɗa, wallahi na so, da ya fi min sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Baba, kai ka taya ni wanke yashin nan. Kwana shida."

"Ni ne."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Ba na so a ce tankinki ba kyau. Kuma ranar da kika yi min bayani ban gane ba, na ce na gane."

Ta rufe fuska da tafin hannu biyu. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Da ta buɗe, idonta ya yi ja amma muryarta daidai take. Ta ce, "Dole Dakta ya sani."

Na ce ni zan hau in gaya masa, ba ita ba. Hawa uku ne zuwa ofishinsa, ban taɓa jin tsawonsu irin na ranar ba. Dakta mutum ne mai sauri, yana sauraro yana tattara takardu, amma da na kai tsakiyar magana sai ya ajiye komai ya zauna. Muka sauko tare. Ya sa na nuna masa a busasshen yashi cikin tire yadda nake yi, ya kalla sau biyu. Ya ce gyaran daidai ne ga tambayar Farfesa, ga tambayar Auta kuwa kisa ne. Bai zage ni ba, ya dai ce za a rubuta abin da ya faru a littafin yadda ya faru, na ce haka ya kamata. Sannan ya juya wajenta ya ce hotunan wata biyar ɗin ba shara ba ne, sun nuna abin da yashi ke yi in an hana shi gwafa, kuma bai san wanda ya taɓa gwada haka da gangan ba. Amma ba su da amfani sai an samu na gefe guda, wanda ba a taɓa ba. Kwana ko ɗaya ba zai iya ƙara mata a tankin ba. Ya dubi agogo ya ce lokaci na tafiya, ya fita.

Auta ta ta da injin da kanta, goma da kwata. Ruwa ya yi duhu, ya washe. Gwafa uku suna nan.

Ta ce, "Jawo kujerarka nan, Baba. Waccan ta gefen taga za mu kalla."

Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, fuska kusa da gilashi. Da farko ban ga komai ba sai abin da na saba gani, juyin ruwa da ƙurar yashi. Ta ɗiga alama da alƙalami a jikin wani siririn gilashi da ta gitta a saman tankin, daidai bakin gajeren reshen, ta ce in riƙa duban alamar. Bayan rabin awa bakin reshen ya bar alamar da faɗin yatsa. Duk turowar ruwa sai ya ɗebe 'yan ƙwayoyi daga bakin ya miƙa wa kunyar gaba, duk komawa ya miƙa wa ta baya. Maƙwabtan biyu kuma suna lanƙwasowa a hankali cikin filin da ya bari. Ba gaggawa, ba hayaniya. Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin nan, ban taɓa barin ɗaya ta kai tsakar rana ba, ballantana in san tafiya take yi.

Azahar ta yi, muka fita bi da bi don kada a bar tankin shi kaɗai. Ta kawo mana burodi da shayi a leda daga kantin sama, muka ci a wurin. Wajen ƙarfe biyu wata sabuwar gwafa ta ɓullo a tsakiya, mummuna, ta karkatar da kunyoyi huɗu lokaci guda. Ina kallonta ina sauraron Auta tana faɗin wani abu a kan kyamara. Sai ji na yi ta yi shiru. Na duba, ashe na miƙe tsaye, na naɗe hannun rigata na dama har gwiwa, yatsuna sun kusa taɓa ruwa. Ban san lokacin da na yi ba. Na warware hannun rigar na koma na zauna, na sa hannuwan a ƙarƙashin cinyoyina. Ita kuma ta koma kan maganar kyamara.

Huɗu da minti goma reshen gefen taga ya rage kamar tsawon ɗan yatsa. Ya zama ɗan tudu a jikin gilashi, ya zama tabo, ruwa ya zo ya wuce, ya dawo, babu shi.

Ta ce, "Ƙirga min, Baba."

Na bi gefen tagar ina ƙirgawa da ƙarfi, ina taɓa gilashi da yatsa. Arba'in da tara. Na sake bi daga ɗaya ƙarshen. Arba'in da tara. Ta rubuta a littafinta, ta rubuta lokaci, ta zauna a ƙasa dirshan ta jingina da ƙafar tankin, ta yi kukanta na minti biyu. Ni ma na juya wajen inji na duba man da na riga na duba da safe. Farin ciki nake ji da baƙin ciki a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba.

Kafin biyar ta biyun ma ta kusa gilashi. Auta ta tashi ta kakkaɓe siket, ta tsaya gaban allo tana lissafa kwanaki: wannan zagaye zuwa Laraba, a daidaita yashi, wani zuwa Asabar in masu gadi sun yarda su buɗe mata, na uku zuwa ranar ƙarshe. Ta ce zai isa, da ƙyar, in ba a rasa ko safiya ɗaya ba. Ta ce ba za ta kai takardar ba. Za ta nemi wanda zai riƙe mata ajin safe har ƙarshen wata.

Na kashe inji. Ruwa ya yi ta lilo yana raguwa har ya kwanta. Yashin ya fito fili, a karkace, gwafa ko'ina, ban taɓa barin tanki ya kwana da muni irin haka ba. Na ɗauki jakata.

"Baba."

"Na'am."

Tana tsaye bakin ƙofa, ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo. "Gobe ni zan buɗe ɗakin. Har ƙarshen wata. In na ta da inji sai ka shigo."

Na buɗe baki in ce na daina, ai ta gani da idonta na daina. Sai na tuna abin da hannuna ya yi da ƙarfe biyu, na rufe bakina. Na ciro zoben makullaina daga aljihu. Makullin ɗakin ya daɗe a wurin har ya ci zoben, ya ƙi fita, sai da na sa farce na yi ta murɗawa, tana tsaye tana jira. Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta kulle ƙofar, ta gwada ta sau biyu, ta sa makullin a jakarta, muka hau matakala tana gaba ina biye.